Dashen Ƙwayoyin Hanji: Abin Da Na Gani A Jinyar Yayana

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na san masu karatu da yawa za su ji nauyinsa, kamar yadda ni ma na daɗe ina jin nauyin rubuta shi. Batun shi ne irin maganin da likitoci a Turai da Amurka da Ostireliya suke yi wa masu fama da wata gudawa mai naci, inda ake karɓar bahayar mutum mai ƙoshin lafiya, a tantance ta, a tace, sannan a sanya wa majinyaci a cikin hanjinsa. Kwanakin baya wani saƙon murya ya zagaya wayoyin jama'a a WhatsApp, ana ta shewa ana cewa boko ya kai Turawa ga cin ƙazanta. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na ji da kunnena a wani majalisi bayan sallar isha'i, inda wani dattijo ya ce ai tun da likitocin can sun yarda, to mai ciwon ciki sai ya nemi ta jariri ya gwada. Tun daga daren nan na ga shiru ba nawa ba ne, domin na yi shekara talatin da ɗaya ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, na san abin da ke cikin bahayar mutanenmu idan aka ɗora ta a ƙarƙashin madubin likita, kuma yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin waɗanda aka yi wa wannan magani.

Yaya ya fi shekara talatin yana zaune a Ingila. A lokacin sanyin 2023 santsi ya kwashe shi a banɗaki ya karye a ƙugu, yana da shekara saba'in da ɗaya. Aka yi masa tiyata, wurin ɗinkin ya yi ruwa, aka ɗora shi a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi. Raunin ya warke, amma bai cika kwana goma da komawa gida ba gudawa ta sarƙe shi, ruwa tsululu mai wani irin wari da matarsa ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba, sau goma ko fiye a yini, ga murɗar ciki ga zazzaɓi. Da aka gwada bahayarsa sai aka ga gubar wata ƙwayar bakteriya mai suna Clostridioides difficile, wadda likitoci suke taƙaita sunanta su ce C. diff. Aka ba shi bankomaisin na sha, wanda shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, tsawon kwana goma, ciki ya tsaya, muka yi hamdala. Bayan mako biyu gudawar ta dawo. A cikin wata biyar sau huɗu ana wannan zagaye, kowane karo kuma sai ya tashi ya fi na baya rama. Mutumin da ban taɓa sanin ya rasa Juma'a ba ya daina zuwa masallaci saboda alwala ba ta zama, jikokinsa suka daina shiga ɗakinsa, matarsa kuma hannuwanta suka tsattsage saboda wanke banɗaki da ruwan kulorin safe da yamma. Idan muka yi waya ta bidiyo, hular da ta saba zama masa daidai sai in ga ta faɗo masa har gira.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya sa wannan cuta take komowa, domin a nan ne hikimar maganin take. Hanjin ɗan Adam ba rami ne kawai da abinci yake bi ya wuce ba. A cikinsa, musamman babban hanji, akwai ƙananan halittu da masana suka ƙiyasta adadinsu ya kai kimanin tiriliyan 38 a jikin baligi, iri-iri har ɗaruruwa, kuma mafi yawansu masu yi mana hidima ne: suna narka abin da cikinmu ya kasa narkawa, suna tsare wuri, suna cinye abincin da miyagun ƙwayoyi za su samu su yaɗu. Har ruwan ɗaci da matsarmama take zubowa cikin hanji sukan sarrafa shi su mayar da shi wani sinadari da yake danne C. diff. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa bai san na gida ba bai san baƙo ba. Idan ya shiga, sai ya share nagari da mugu tare, kamar gobarar daji. Ita C. diff tana da wata dabara, takan dunƙule ta zama kamar ƙwayar iri mai tauri wadda magani ba ya huda ta, ta kwanta ta jira. Manomi zai gane wannan da sauri idan ya tuna da ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta: irinsa yakan shekara da shekaru a cikin ƙasa, kuma gonar da ta gaji ta rasa taki ita ya fi cinyewa. Da zarar an gama shan magani, hanji ya zama fili babu mai tsaro, sai irin nan ya tsiro ya fara fitar da gubarsa iri biyu da suke ƙona bangon hanji. A sake ba da magani, a sake share filin, ita kuma ta sake tsirowa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu yakan sake kamuwa a cikin mako biyu zuwa takwas, kuma wanda ta dawo wa sau ɗaya ya fi kusa da ta sake dawo masa. A ƙasar ta Amurka an ƙiyasta cewa a shekarar 2011 kaɗai mutum kusan 450,000 suka kamu, kuma kimanin 29,000 suka rasu a cikin wata guda da gano cutar a jikinsu.

To, idan rashin masu tsaro ne ya jawo ɓarnar, mafita ita ce a dawo da masu tsaron, kuma babu inda ake samunsu cikakku, da dukan ire-irensu, kamar a cikin hanjin mai lafiya. Bafulatana idan za ta kafa kindirmo takan zuba ɗan nonon jiya a cikin sabuwar madara, washegari ƙwarya ta kama. Ɗan doki sabon haihuwa yakan ci kashin uwarsa a makonninsa na farko, kuma likitocin dabbobi sun daɗe suna ɗibar ruwan tumbin saniya mai lafiya su ɗura wa wadda cikinta ya tsaya. Abin da ake dasawa a jikin majinyaci su ne waɗannan halittu masu rai. Bahaya mazubinsu ce kawai. Shi ya sa ni a wurina kiran abin dashen ƙwayoyin hanji ya fi dacewa da haƙiƙaninsa.

Abin kuma ba sabo ba ne. Tun a ƙarni na huɗu wani masanin magani na ƙasar Sin mai suna Ge Hong ya rubuta yadda ake ba mai tsananin gudawa ruwan bahaya. A likitancin zamani kuwa, a shekarar 1958 wani likitan tiyata a birnin Denba na Amurka, Ben Eiseman, shi da abokan aikinsa suka yi wa majinyata huɗu da kumburin hanji ya kai su gargara ɗurin bahaya ta dubura, kuma duka huɗun suka tashi. A lokacin ba a ma san ƙwayar da take haddasa ciwon ba, sai a 1978 aka tabbatar C. diff ce, ko da yake tun 1935 aka fara ganinta a bahayar jarirai masu lafiya. Duk da haka likitoci suka yi ta ɗari-ɗari da abin fiye da shekara hamsin, kuma ba na ganin laifinsu, domin labarin mutum huɗu bai isa hujja ba. Hujjar ta zo ne a farkon 2013 daga birnin Amsterdam na ƙasar Holan, a wani bincike da likita Els van Nood da abokan aikinta suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine. Sun kasa majinyatan da cutar take komo musu kashi uku. A cikin 16 da aka yi wa dashe ta wata siririyar roba da aka zura ta hanci har ƙaramin hanji, 13 sun warke a karon farko, biyu daga cikin ukun da suka rage suka warke a karo na biyu, wato 15 cikin 16. A cikin 13 da aka ba bankomaisin kaɗai, huɗu ne suka warke, a cikin wasu 13 da aka haɗa musu bankomaisin da wankin hanji kuma uku ne. Tazarar ta yi yawan da masu sa ido a kan binciken suka dakatar da shi tun bai ƙare ba, saboda ba adalci ba ne a ci gaba da hana sauran majinyata abin da ya bayyana yana warkarwa. Na yi shekaru ina karanta sakamakon gwaje-gwajen magunguna, kuma da wuya na ga bambanci mai faɗin wannan. A 2022 hukumar da take tsara wa asibitocin Ingila hanyoyin jinya ta amince a riƙa yi wa manya da cutar ta kama sau biyu ko fiye, kuma ta wannan ƙofa aka yi wa Yaya tayi.

Ya ƙi. Ya yi mako uku yana ƙi. Wata rana da tsakar dare ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada matarsa ta ji, ya ce: "Ƙanena, ni da na yi shekara saba'in ina tsarki, yau a ce a ɗura mini najasar wani? In na mutu a haka me zan ce?" Ban yi masa musu ba, domin ƙyamar da yake ji ita ce wadda aka raine mu da ita, kuma ita ce ta tsare mu daga cututtuka masu yawa. Na ce masa, Yaya, ranar da aka yi maka tiyata leda nawa aka ƙara maka ta jini? Ya ce biyu. Na ce to jinin da ya kwarara daga jiki ai shi ma malamai najasa suke kiransa, an kuma haramta cinsa a aya ta 173 ta Suratul Baƙara, amma ayar nan ita ce ta ɗauke laifi daga wanda larura ta matsa wa, kuma a kan haka malaman duniya suka halatta ƙarin jini. Ni ba malami ba ne, don haka ban tsaya a kan maganata ba. Washegari na je wurin wani malamin fiƙihu da muke karatu a zaurensa, na zayyana masa komai. Ya yi mini tambaya biyu: shin an gwada magani mai tsarki ya gaza, kuma shin likita masani amintacce ne ya ce wannan zai yi amfani? Da na ce e, sai ya ce magabata sun yi saɓani a kan magani da najasa, amma a irin wannan hali shi yana ganin larura ta tabbata. Na haɗa su a waya suka yi magana kusan rabin sa'a. Ina roƙon malamanmu su zauna da likitoci su yi wa wannan mas'ala duba na tsanaki tun kafin ta iso mu, kada a bar majinyaci shi kaɗai da wasiwasinsa a kan gadon asibiti.

Daga ƙarshe Yaya ya yarda, aka yi masa dashen ta hanyar na'urar leƙa hanji da ake zurawa ta dubura, bayan an ba shi maganin sa barci mai sauƙi, kuma aikin bai kai sa'a guda ba. Ya ce bai ga komai ba, bai ji warin komai ba. A rana ta uku matarsa ta kira ni tana kuka, na tsorata, ashe kukan murna ne, wai tun safe sau ɗaya ya zaga. Har yau gudawar ba ta dawo ba.

Yanzu sai in koma kan dattijon majalisi, domin saboda shi na ɗauki alƙalami. Abin da aka sanya wa yayana ba daga masai aka kwaso shi ba. Mai ba da gudummawar sai an yi masa tambayoyi masu yawa a kan lafiyarsa da tafiye-tafiyensa da magungunan da ya sha a watannin baya, a gwada jininsa don neman ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a gwada bahayarsa don neman tsutsotsi da miyagun ƙwayoyi da waɗanda suka daina jin magani. Mafi yawan masu zuwa ba sa tsallakewa. Wanda ya tsallake kuma sai an dama abin da ya bayar da ruwan gishiri mai tsabta, a tace, a daskarar da shi a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili, a ajiye har a sake gwada shi a tabbatar. A Amurka tun 2012 aka kafa wani bankin ajiya na musamman don wannan aiki mai suna OpenBiome. Duk da wannan taka-tsantsan, a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan majinyata biyu masu raunin garkuwar jiki sun kamu da wata ƙwayar E. coli mai bijire wa magani daga mai bayarwa guda, ɗaya daga cikinsu ya rasu. Wannan ya faru ne a hannun ƙwararru, a ƙasar da take da kayan aiki. Daga nan aka ƙara tsaurara gwaji, kuma kamfanoni suka duƙufa wajen fitar da abin a siffar magani mai rajista: a ƙarshen 2022 aka amince da Rebyota wanda ake sawa ta dubura, a Afrilun 2023 kuma aka amince da Vowst, kafso huɗu a rana tsawon kwana uku.

Ni kuwa na san abin da idona ya gani a shekara talatin da ɗaya. Yaro zai zo fes da shi, yana wasa yana dariya, a ɗora bahayarsa a gilashi sai ka ga ƙwan tsutsa jere, ko ƙwayar atini a dunƙule. Akwai masu ɗauke da taifot a jikinsu shekara da shekaru ba tare da sun taɓa kwanciya ba. Kwalara, ciwon hanta mai sa shawara, shan inna, duk ta wannan hanya suke bi daga mutum zuwa mutum. Wanda ya ce zai gwada wannan a gida, ko ya kai kansa wurin wani mai magani a bakin kasuwa da ya ji labari a waya, to ya sayi cuta da kuɗinsa, kuma mai yiwuwa ya sayi ajali. Sannan mafi yawan gudawar da take damun mutanenmu ba C. diff ba ce, ta gurɓataccen ruwa ce da abinci, kuma abin da take buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari, da sinadarin zinc ga yara, da gaggawar zuwa asibiti idan ta tsananta. Dashen nan cuta guda aka tabbatar yana warkarwa ƙwarai. Masu cewa yana maganin ƙiba ko ciwon sukari ko taɓin hankali sun riga malam masallaci, domin waɗannan duk suna matakin bincike ne.

Amma kada mu ce abin na can ne, bai shafe mu ba. Hanyar da ta kai yayana ga wannan hali, wato shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, mu muke binta kullum, ba ma tare da likita ba. Makon jiya na tsaya a wani kemis ina jiran canji, wata mata ta shigo da goyo ta ce yaron yana zawo tun jiya saboda haƙori. Yaron shagon, wanda ban yi zaton ya kai shekara ashirin ba, ya zaro Flagyl na ruwa, ya haɗa da Septrin, ya ƙara da kafso ja da rawaya guda huɗu wai ita ma ta sha saboda nono. Bai tambayi watannin yaron ba, bai ambaci ruwan gishiri da sukari ba. Na yi mata magana a hankali, ta saurare ni da ladabi, ta biya ta tafi da kayanta. Mura, Ampiclox. Zazzaɓi, allurar taifot ba gwaji. Mace ta gama al'ada, a ce ta sha kafso don wanke ciki. Kaji da shanu ma ba a bar su ba. A doka waɗannan magunguna ba a sayar da su sai da takardar likita, amma kowa ya san yadda abin yake a aikace. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya nuna cewa a 2019 ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a duk tsawon aikina ba a taɓa kawo mana kayan gwajin gubar C. diff ba, ko sau ɗaya. Nakan tuna tsofaffin da aka kwantar bayan tiyata, aka yi musu allurai na kwana da kwanaki, gudawa ta kama su a kan gado, aka aiko mana da bahaya muka duba muka rubuta ba a ga tsutsa ba, sai a ƙara musu wani maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan na farko. Wasu sun tashi, wasu an fita da su. Tun da na ga jinyar Yaya fuskokinsu suke dawo mini. Saboda haka kirana ga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da takwarorinsu na Yamai da Damagaram, shi ne a fara da samar da wannan gwaji ga duk wanda gudawa ta kama yana kwance a asibiti ko bayan ya sha irin waɗannan magunguna, domin sai an san yawan masu ita za a san ko akwai buƙatar bankin ajiya irin na can. Ma'aikatan jinya kuma su sani cewa man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe irin C. diff, sai wanke hannu da sabulu da ruwa, da goge gado da banɗaki da kulorin. Mai jinya a gida, idan tsohonka ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sannan gudawa ta kama shi sau uku ko fiye a yini ta ƙi tsayawa, ka faɗa wa likita sunan maganin da ya sha da ranar da ya fara, kada ka saya masa maganin tsayar da ciki da kanka.

Yaya ya zo gida da hunturun bana, karo na farko tun bayan jinyarsa. Ya ci tuwon dawa da miyar kuka har ya nemi ƙari, ya kuma yi Juma'a uku a masallacin unguwarmu. A mako na biyu ƙura ta sa masa mura, ƙanwarmu ta aiki yaro kemis, ya dawo da Ampiclox kati biyu a baƙar leda. Yaya ya juya katin a hannunsa, ya miƙa wa yaron ya ce ya mayar, sannan ya ce mata: "Hajiya, dafa mini citta da lemun tsami, ki sa zuma." Kwana biyar murar ta yi ta sake shi.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka a kullum,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Zariya.